Matan Television, Ga Sana'a A Cikin Sakaina

'Yan uwa mata, yau muna so mu ja hankalinku zuwa ga wata 'yar sana'a wadda ba a cika ɗaukarta a bakin komai ba, watau haɗa katin gaisuwa da hannu, musamman irin wanda ake bai wa mutum in ranar haihuwarsa ta zagayo. Mun sani sarai akwai wadda za ta taɓe baki ta ce, ana fama da kuɗin cefane da kuɗin makarantar yara, wa ke ta kati? To, a yi mana haƙuri, maganar tamu ma ta kuɗin cefanen ce. Ko da yake kowace mace tana iya amfana da ita, mun fi nufin matan unguwar Television da ke Kaduna ta Kudu, da maƙwabtansu na Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha.

Dalilinmu shi ne, a wannan sashe na ƙetaren kogi ga masu saye, ga kuma hannuwan da ke neman abin yi. Duk wanda ya san Television ya san wuri ne na makarantu da majami'u da ƙungiyoyin zumunta, inda da wuya a yi mako guda ba a yi wani buki ba. In ba na ranar haihuwa ba ne, to na suna ne, ko na aure, ko na sallamar wani da aka yi wa canjin wurin aiki. Ga kuma tashar mota da ke kwasar mutane kullum zuwa garuruwan kudancin jihar, kowa da 'yar tsarabarsa. Ta wajen hannuwa kuwa, ba sai an tuna wa kowa ba. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe ƙofa a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta tsai da aiki a 2007. Dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana, nauyin tukunya ya faɗo a kan mata, har yau kuwa bai sauka ba a gidaje da yawa. A cikin gidajen nan akwai dattawan da suka ƙare ƙuruciyarsu wajen zana fure da buga launi a kan atamfa. Iliminsu yana nan zaune a ƙofar gida, ba mai tambayarsa.

Bari mu yi bayanin kayan aikin tukuna, don kada mu yi ta magana a duhu. Abu na farko shi ne hatimi, irin dai wanda ake bugawa a takardar ofis, sai dai maimakon sunan ma'aikata an sassaƙa masa fure ko tsuntsu ko kalmar gaisuwa. A dangwala shi a tawada, a danna a kan kwali, zane ya fito. Na biyu shi ne ƙarfen yanka, wanda masu maɗaba'a ke ce wa dai. Wani siririn ƙarfe ne mai baki a siffar tauraro ko ganye ko lamba. Ana ɗora shi a kan takarda, a sa su tsakanin faranti biyu na roba mai ƙarfi, a tura cikin wani ɗan inji ana murza hannunsa. Duk wadda ta taɓa murza taliya 'yar Hausa ta riga ta gane yadda abin yake. Takardar za ta fito ta ɗaya gefen a yanke tsaf, ko guda ɗari aka yi ba za a bambance ta farko da ta ƙarshe ba.

A ƙasar Amurka ne wannan abu ya zama ruwan dare a tsakanin matan gida. A 1977 kamfanin Ellison ya fito da injin yanka haruffa domin malaman makaranta, a 2001 ya fito da ƙarami na gida mai suna Sizzix. A 2006 kuma aka kawo Cricut, wanda shi lantarki yake amfani da shi. Akwai kuma kamfanin Stampin' Up! wanda wasu mata biyu, ya da ƙanwa, suka kafa a 1988, suna sayar da hatimai ta hanyar tara mata a gidaje ana koya musu. Yanzu hotunan waɗannan kaya sun cika wayoyin 'yan matanmu, kuma a nan ne muke so a yi hattara.

Ita Ba'amurkiyar da ke yin kati a ɗakinta, yawanci ba don ta sami kuɗi take yi ba, don ta rage lokaci ne, kamar yadda wata za ta zauna saƙa. Kuɗi fita suke yi daga jakarta, riba kuwa tana wajen kamfanin da ke sayar mata da sabon hatimi da sabon ƙarfe kowane wata. In matar Television ta kwaikwayi wannan tsari yadda yake, to ta zama ita ce kasuwar, ba ita ce 'yar kasuwar ba. Tun daga watan Yuni na 2023 da aka saki Naira ta nemi darajarta da kanta, Dala ta tashi daga Naira ɗari huɗu da 'yan kai, kafin tsakiyar 2024 ta haura 1,400. Duk abin da ake sayowa da Dala ya bi ta. Matar da ta kwashe kuɗin adashinta, ko ta ci bashi, ta sayi inji da ƙarafa daga waje, za ta daɗe tana sayar da kati kafin ta mai da uwar kuɗi. Bayan haka ma me ta samu? Hatimi mai hoton dusar ƙanƙara da wani beyar riƙe da balan-balan, da gaisuwa cikin Turanci wadda ba ta bambanta da ta katin kanti ba. Katin kanti kuwa inji ne ya buga shi dubu-dubu, ba za ki taɓa karya masa farashi ba.

Saboda haka ra'ayinmu a wannan fili shi ne, sana'ar tana da kyau kuma tana da kasuwa, amma da sharaɗin mu sassaƙa hatimanmu da kanmu, mu ƙera ƙarafanmu a gida, mu rubuta gaisuwa da bakinmu.

Kada wata ta ce ai wannan aikin Turawa ne. A ƙasar Gana, a garin Ntonso kusa da Kumasi, masu yin zanen adinkra da ɓallin ƙwarya suke sassaƙa hatimansu, watau sakaina ke nan, su kafa mata 'yan itatuwa a baya don riƙewa, su tsoma a cikin baƙin rini da ake dafawa daga ɓawon wata bishiya, su buga a kan yadi. Akwai irin wannan zane da wani Bature mai suna Bowdich ya samo a Kumasi tun 1817, yana ajiye a babban gidan tarihi na Landan. 'Yan uwanmu mazauna zangon Kumasi shaidu ne. Sakainar da mu muke cewa an yi wa mutum riƙonta a kashi, ita ce wasu suka mayar abin cin abinci fiye da shekara ɗari biyu. A gida kuma, dukawan Kano da Sakkwato sun daɗe suna danna ado a kan fata da 'yan ƙarafa da guduma, suna huda ta suna fitar da siffofi. Ga masu zayyanar allo, waɗanda ke ƙawata allon ɗalibi ranar saukar karatu da tawadar da aka haɗa da ƙaro. In aka duba da kyau, ai allon zayyana ma taya murna ce da aka yi da hannu. Marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, da zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada ta ƙawata tukwanenta har duniya ta san ta. Garin da aka raɗa wa suna saboda kadojin kogin nan bai kamata ya rasa abin da zai sa a kati ba sai beyar.

To, yaya uwargida za ta fara? Ki sami sakaina mai kauri, busasshiya, ki zaɓi inda ya fi shimfiɗewa, ki goge bayanta da takardar yashi har santsin ya tafi, in ba haka ba tawada ba za ta kama ba. Ki zana abin da kike so da fensir, sa'an nan ki bi da wuƙa mai tsini kina ƙwaƙule duk inda ba kya so ya fito. Abin da kika bari a tsaye shi ne zai taɓa takarda. Sakaina ta fi dacewa da manyan siffofi, kamar dagi ko ganye ko tauraro. In zanen ƙanana ne, robar goge fensir ta fi, kuma tsohon silifa mai laushi ma yana yi in an wanke shi an yanke wurin da ya fi sumul. A manna robar a jikin ɗan katako don hannu ya sami abin kamawa. Reza kuwa a ɗaure mata gindi da tsumma, a kuma ajiye ta inda yara ba za su kai ba.

Rubutu shi ne mai wuya, domin dole a sassaƙa shi a juye, daga dama zuwa hagu, kamar yadda yake fitowa a madubi. Dabarar ita ce ki rubuta kalmar da fensir mai baƙi sosai a kan takarda, ki kifa ta a kan robar, ki murza bayanta da cokali. Rubutun zai koma kan robar a juye, sai ki bi. Amma shawararmu ita ce, kalmomi a kai wa masu sassaƙa hatimi, waɗanda ba a rasa su kusa da gidan waya ko kotu ko bakin kasuwa. Sau ɗaya za ki biya, hatimin kuwa zai yi miki shekaru. Ki tsaya a kansa ya sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu. Babu abin kunya kamar ki nufi yi wa ƙawarki fatan alheri ki ɓuge da kiran ta kawa.

Wajen kwali, a nemi mai ɗan nauyi, wanda masu sayarwa ke ce wa giram 250 ko 300, kuma maras sheƙi, gama mai sheƙi ba ya shan tawada, sai ta yi ta damewa a hannu, balle da damina. Falle ɗaya na A4 in an raba shi biyu, aka naɗe kowane rabi, kati biyu ke nan, kuma kowanne zai shiga ƙaramar ambulan ta kanti wadda ake kira C6 ba tare da an rage komai ba. Falle ɗari, kati ɗari biyu. Kafin ki naɗe, ki ɗora rula ki ja layi da bayan wuƙa ko busasshen biro, in ba haka ba gindin katin zai tsage ya yi kaushi. Wannan ɗan layin shi ne yakan raba aikin gwana da na 'yar koyo. Takardu masu launi na ado kuwa, a je maɗaba'u a sayi rarar da suke yankewa daga katin aure da kalanda, wadda sau da yawa shara ce a wurinsu. Ƙyallayen atamfa da shadda na wajen tela su ma suna manne a kati su yi kyau ƙwarai. Tawada kowace iri ce, ta ofis ko ta fenti ko ta gargajiya, a buga ta a takarda a ajiye a taga mako guda a gani. Ruwan zoɓo, alal misali, yana da kyau ranar farko, amma ba ya daɗewa sai ya koɗe.

Ƙarfen yanka fa? Da farko ba kya bukatarsa. Ki yanka siffar a jikin kwali mai tauri ko murfin roba, ki riƙa ɗorawa kina bi da almakashi. In ciniki ya kankama har almakashi ya gaza, to ga Panteka nan a cikin garin Kaduna, inda maƙera da masu walda suke ƙera abin da ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. A kai musu zane su lanƙwasa ƙarfe mai baki, a riƙa bugawa da guduma a kan katako kamar yadda baduku ke yi. Masu maɗaba'a kuma da ke yanka kwalaye da katin aure suna da nasu injin, ana iya kai musu aiki mai yawa a biya lada. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran a kawo wuta.

Mu komo kan batun harshe, domin a ganinmu nan ne cinikin yake. Ku shiga kantunan sayar da littattafai ku duba katunan da ke rataye, ku ƙirga nawa ne aka rubuta da Hausa. Sa'an nan ku ƙirga na Gbagyi, da na Jju, da na Tyap, da na Adara. Television gari ne da ya tara harsuna, Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da cikin mota, amma kowa yana da harshen da kakarsa ke sa masa albarka da shi. Tsohuwar da ta cika shekara 70, jikokinta suka miƙa mata kati da Turancin da sai an fassara mata, da wadda aka miƙa wa mai cewa Allah ya ƙara tsawon rai da lafiya, ko aka rubuta da harshen ƙauyensu, wacce ce za ta sa nata a ƙarƙashin akwati? Babu wani kamfani a Sin ko Ingila da zai buga kati ashirin da harshen Tyap. Matar da ke zaune a bayan tashar Television kuwa za ta iya, har ta ƙara sunan mai ranar da shekarunsa. Sai dai a nemi wanda ya iya rubuta harshen ya duba kafin a sassaƙa.

Za a ce mana wayar hannu ta kashe kati. Lalle ta rage shi, ba mu musa ba, kuma wadda ke tsammanin za a riƙa aika katinta ta gidan waya kamar a da, ta sake tunani. Amma katin yanzu hannu da hannu yake tafiya, tare da kek ko turare ko 'yan kuɗi a ambulan. Saƙon waya yana nutsewa cikin ɗaruruwan irinsa kafin gari ya waye. Don haka mai wayo ba za ta zauna jiran masu saye ɗai-ɗai ba. Za ta je wajen masu gasa kek da masu naɗe kyaututtuka, da makarantun da ke bai wa yara kati, da ƙungiyoyin da ke da jerin ranakun haihuwar membobinsu, ta ƙulla ciniki na shekara. Haka kuma ba za ta tsaya kan ranar haihuwa kaɗai ba. Mun san akwai gidajen da ba sa wannan buki, kuma malamai sun yi saɓani a kansa. Ba hurumin wannan fili ba ne ya yanke hukunci. Hatimin furen da ya yi katin ranar haihuwa shi ne zai yi na barka da haihuwa, da na aure, da na Sallah, da na Kirsimeti, da na fatan nasara da ake aika wa ɗalibai lokacin jarrabawar WAEC da NECO. Kalmar ce kawai ke canzawa.

Wani abin da muke tsoro shi ne halinmu na rashin lissafi. Mace za ta ƙirga kuɗin kwali da gam da ambulan, ta manta da kuɗin motar da ta kai ta kasuwa, ta manta da katunan da suka ɓaci, uwa uba ta manta da lokacinta. Katin da ya ci awa biyu ba sana'a ba ne, kyauta ce. Amfanin hatimi da ƙarfen yanka ke nan, su sa a yi guda ashirin a zama ɗaya. A nan akwai darasi a labarin wata Ba'amurkiya mai suna Esther Howland ta garin Worcester, wadda ta fara haɗa katunan soyayya da hannu bayan ta gama makaranta a 1847. Da oda ta fi ƙarfinta, sai ta tara mata a dogon teburi a gidan mahaifinta, wannan tana yanka, wannan tana manna, wannan tana ƙawatawa, kati yana bi hannu hannu har ya kai ƙarshe. Ta yi shekara fiye da talatin tana wannan kasuwanci kafin ta sayar da shi. Mata biyar da ke zubin adashi tare suna iya yin haka a tsakar gida guda, su yi tarayya a kan hatimai, su sayi kwali a sari. Hotunan 'yan tsanan talabijin da yara ke so kuwa a bar su, suna da masu su, doka kuma ta hana a sayar da kwafinsu.

Muna kira ga Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu da ma'aikatar da ke kula da al'amuran mata ta jihar da su dubi abin da ake koyarwa a cibiyoyin sana'a. Tun zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara da marigayiya Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, kusan darasin bai canza ba: sabulu, man shafawa, saƙa, ɗinki. A yaye mata hamsin a unguwa guda duk da sana'a ɗaya, a ce su je su sayar wa juna. Sana'ar kati ba ta bukatar keke ko janareto. Teburi take so da wuƙaƙe da malami. Malamai kuwa ga tsofaffin masu zanen masaƙa, ga ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, waɗanda ake tura su koyon aiki kowace shekara. Masu shirya kasuwar baje koli ta duniya da ake ci a Kaduna su ma su ware wa irin waɗannan mata ɗan wuri mai rangwame.

Akwai kuma wani abu da ba ma so mu wuce ba mu ambata ba. Tun rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, mutanen Kaduna da yawa suka tattara kayansu, wasu suka ƙetaro kudu, wasu suka ƙetara arewa. Matan da suka yi shekaru suna aron garwashi a wajen juna suka koma sai labari. Ba mu ce ɗan kwali zai ɗinke wannan ɓaraka ba, ƙarya ne. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, wadda ta kama wannan sana'a dole ta hau gada. Ƙarfenta yana Panteka, kwalinta yana Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, mai zayyanar da zai koya mata haɗa tawada yana Tudun Wada, masu sayen katin Sallah suna can, na Kirsimeti suna nan. Dukansu kuma sai ta san sunansu, sun san nata.

Wadda ke da niyya, kada ta jira watan Disamba ya kama sa'an nan ta tashi neman sakaina. Hannu yakan ɗauki wata biyu ko uku kafin ya daina rawa, kuma hatimai goma na farko ba na sayarwa ba ne. Wadda kuma ta riga ta fara, a Television ko wani wuri, ta aiko mana da wasiƙa tare da samfurin aikinta da bayanin abin da ta kashe, za mu buga don sauran 'yan uwa su gani.